FIL ƊIN GARMAR TARAKTA: YADDA ZA A HANA SHI ƁATA

Manoman ƙasar Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bici da Minjibir sun san cewa kwanakin huɗa ƙidayayyu ne. Ruwa yakan zauna cikin watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, ƙasar kuma jigawa ce, ba ta riƙe laima. In tarakta ta shigo gari, mutum ashirin ne ke jiranta, kowa na so a yi masa tun ƙasa da danshi. Sau da yawa kuwa abin da ke tsayar da aikin ba inji ba ne, ba taya ba ce. Ɗan guntun ƙarfen nan ne da ke riƙe garma a jikin tarakta, watau fil.

Wani zai ce wannan matsalar direba ce. Ba haka ba ne. Mai tarakta zai karɓi kuɗinsa ko yau ko jibi. Kai ne gyaɗarka za ta yi latti.

Yadda garma ke haɗe da tarakta

A bayan tarakta akwai hannuwa uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Wani mutumin Ailan ta Arewa mai suna Harry Ferguson ne ya ƙago wannan tsari, ya yi masa rajista a 1926, kamfanin Ford kuma ya fara fitar da shi da yawa a 1939. Hannuwan ƙasa su ke jan garma ko haro ko rija. Na sama shi ke daidaita ta yayin da ta shiga ƙasa, shi ne kuma ke riƙe ta kada ta kife baya in an ɗaga. Kowane hannu fil ne ke riƙe da shi, kowane fil kuma yana da 'yar huda a bakinsa inda ake zura ɗan makulli mai zobe. Fil ke ɗaukar nauyi. Makulli ba ya ɗaukar kome, aikinsa kawai ya hana fil zamewa. Amma da makulli ya fita, fil ba zai daɗe ba.

In fil ɗin hannun ƙasa guda ya zame ana cikin aiki, garma takan juye gefe, ta lanƙwasa ɗaya hannun, wani lokaci ta yanki taya. In na sama ne ya fita an ɗaga garma, sai ta faɗo da dukan nauyinta. Ga shi kuwa a ƙauyukanmu yara ba sa rabuwa da bayan tarakta.

Abin da ya sa fil ke yawan ɓata a nan

Gonakinmu ƙanana ne, kuma a manne suke da juna. Wata eka ɗaya, wata rabin eka, ga gawo da ɗorawa a tsakiya, ga gamba a kan iyaka. Tarakta ba ta tafiya mai nisa sai ta ɗaga, ta juya, ta sauke. Kowane juyi yana girgiza fil. A wuni ɗaya kuma za ta shiga gonaki da dama, a kwance haro a ɗaura rija, da yamma a ɗaura tirela. Duk sa'ad da aka kwance, sai yaron direba ya ɗora makulli a kan taya ko ya ajiye a ƙasa, wai yanzu zai ɗauka. Rairayi kuwa ba ya mayar da abin da ya haɗiye.

Akwai kuma tushiyar dawa da ta gero da ba a tone ba. Kara yakan shiga ƙarƙashin zoben makulli ya ɓalle shi, makulli ya yi tsalle, direba bai ji ba bai gani ba. Saboda haka manomi ya share gonarsa sosai kafin tarakta ta zo. Wannan kam aikinka ne, ba na direba ba.

A ɗaure shi da sarƙa

Magani mafi sauƙi shi ne kada fil da makullinsa su rabu da tarakta ko kaɗan. A sami 'yar siririyar sarƙa kamar taƙi ɗaya da rabi. Mai walda ya liƙa baki ɗaya a kan fil, ɗaya bakin a ɗaure a jikin hannun tarakta ko jikin garma. A kan fil za a yi waldar, can wajen da ake kamawa, ba a tsakiyar da ke ɗaukar nauyi ba, domin wuta tana sauya ƙarfin ƙarfe. Makulli shi ma a ba shi tasa sarƙar ta jikin zoben. Kada sarƙa ta yi tsawon da za ta riƙa kwasar kara, kada kuma ta kai kusa da sandar nan mai juyawa ta bayan tarakta.

Sa'an nan a shafa wa kawunansu jan fenti ko rawaya. Baƙin ƙarfe a kan huɗa ba ya ganuwa, amma ja ko yaro zai hango.

Wajen sa makulli a lura da abu biyu. A zura shi daga sama zuwa ƙasa, yadda nauyinsa zai riƙa zaunar da shi. Zoben kuma ta gefe ɗaya kaɗai yake rufewa sosai. In an mayar da shi daidai za a ji ya ce ƙas, ya kwanta a jikin makullin. In ya tsaya sako-sako, an juya shi ne, ko kuwa ya saki, a sake wani. Inda gona ke da kara da yawa, a ƙara ɗaure zoben da 'yar waya.

Ƙusa ba makulli ba ce

Abin da aka saba gani shi ne, da makulli ya ɓata sai a zura ƙusa inci shida a tanƙwara. Hudar ta fi ƙusar faɗi kusan ninki biyu, ƙarfenta kuma mai taushi ne, fil yana bugunta har ta tsinke. Haka nan guntun rodi na gini ba ya maye gurbin fil, lanƙwashewa yake yi. In dole ta kama, a sa bolti mai cika hudar da noti biyu a ɗaure tam, a ƙarasa gonar, gobe a nemo na gaske.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika tunawa da ita ba. Guntayen ƙusa da waya da suka zube a gona suna nan har kaka, sa'ad da shanu za su shiga cin kara. Saniya ba ta tantance abin da ta lasa. Ƙusa takan huda tumbi, har ta kai ga zuciya. Duk wayar da aka kwance, a jefa ta cikin gwangwani, kada a yar.

Girman fil ba ɗaya ba ne

A shekarun 1980 ana harhaɗa taraktar Fiat a Kano, Steyr kuma a Bauci, ga Massey Ferguson ko'ina. Yanzu an sami ƙarin Mahindra da John Deere da ƙananan na ƙasar Sin. Garmar wannan takan koma bayan waccan, a nan rikici yake. Ƙananan taraktoci suna da fil na milimita 22 a hannun ƙasa, 19 a na sama. Manya kuwa 28 ne a ƙasa, 25 a sama. In aka sa ƙaramin fil a babbar huda, akwai wasan milimita 6, yana ta bugu har hudar ta zama kamar ƙwai, daga nan ba fil ɗin da zai sake zama daram. Akwai ɗan bututun ƙarfe da ake sawa ya cike gibin. Mai zuwa saye Ƙofar Ruwa a Kano ya tafi da tsohon fil a aljihu ya gwada, kada ya dogara da ido.

Fil ɗin tirela a tsaye yake, don haka wasu ke ganin nauyinsa ya isa. Bai isa ba. Ramin burtali ɗaya zai cilla shi sama, tirela cike da taki ko mutane ta rabu da tarakta. Tilas a sa masa makulli ta ƙasa. Mai amalanken shanu shi ma ya duba abin da ke riƙe ƙafafun amalankensa kafin ya yi lodi, haka mai garmar shanu ya duba ƙugiyar da sarƙa ke kamawa.

Wajen ɗaurawa, a sauke garma ƙasa, a ja birki, kowa ya fita daga tsakanin tarakta da garma kafin ta motsa. Kada a zura yatsa cikin huda don a ji ko ta daidaita. A yi da guntun ƙarfe. Lokacin aiki a goge fil da tsumma mai ɗan baƙin mai kawai, don giris mai yawa yana kama rairayi ya riƙa cin ƙarfen. Sai an gama aikin shekara za a cika shi da giris a adana.

Ƙungiyar manoma da ta yi hayar tarakta ta ajiye gwangwani ɗaya mai murfi a hannun shugabanta, da fil biyu na kowane girma da makullai kamar shida. Da safe kafin a shiga gonar farko, mai gona ya zagaya bayan tarakta tare da direba su ƙirga makullai uku. Malamin gona na KNARDA da ke yankinku zai nuna muku yadda zoben ke rufewa in kun tambaye shi.