Yadda Ake Sayen Ƙaramin Farantin Sola da Aiki da Shi a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma janyo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanen wannan nahiya suka daina zaman jiran damina, domin kuwa shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun mai da rani lokacin aiki tuƙuru. Sai dai wutar lantarki ba ta bi sawun ruwan ta shiga ko'ina ba, ƙauyuka da dama da bukkokin gona suna kwana cikin duhu, inda turakun suka isa ma ba kullum ake samun wutar ba. A da janareta ke rufa asiri, amma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, ba mai iya kunna shi kowane dare sai mawadaci. Wannan ne musabbabin da ya sa jama'a suka raja'a ga sola, kuma da yake da kuɗin gumi ake sayenta, ya kamata a bayyana ƙa'idodinta dalla-dalla.

Rukunan wannan aiki uku ne: faranti, wanda ke karɓar hasken rana ya mai da shi wuta, batir, wanda ke adana wutar zuwa dare, da kwantirola, wadda ke tsakaninsu. Manomin rani zai fi kowa saurin fahimta, domin faranti tamkar babban kanal ne, batir tamkar fangali, kwantirola kuwa ita ce mai tsaron ƙofar ruwa, wanda ke buɗewa in ƙasa ta bushe, ya rufe in ta ƙoshi. Faranti na kirki yana iya shekara ashirin yana aiki. Batir shi ne mai gajeren kwana, shi ne kuma mai tsada, saboda haka galibin abin da za a faɗa a nan kiyaye ransa ne.

Mataki na farko hisabi ne, kuma a gida ake yinsa tun ba a doshi kasuwa ba. Maigida ya ɗauki takarda da alƙalami, ya rubuta kowane abin da yake nufin kunnawa, da adadin wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, da sa'o'in da zai yi a kunne, sa'an nan ya ninka wat da sa'o'i. Misali, ƙwayayen fitila huɗu masu wat 5 da za su ci sa'a biyar daga magariba, sun tashi 100. Fanka mai wat 15 ta sa'a takwas, 120. Ƙaramin talabijin mai wat 30 na sa'a huɗu, 120. Cajin wayoyin gida biyar, a ƙaddara shi 60. Jimla wat-sa'a 400 ke nan a yini. To, ko da yake rana tana fitowa bayan asuba ta kai har magariba, ƙarfinta na haƙiƙa in an dunƙule shi bai wuce na sa'a biyar zuwa shida ba a ƙasar Kano, don haka sai a raba 400 gida biyar, a sami 80. Amma da yake zafi da ƙura da wayoyi da batir kansa duk suna cin rabonsu, wanda ya sayi faranti mai wat 80 zai yi nadama, wanda ya sayi mai wat 150 kuwa ya huta har cikin marka.

Haka nan ake auna batir. A raba 400 da bolt 12, a sami wajen amfiya-sa'a 33. A ruɓanya, domin batirin dalma, na ruwa ne ko busasshe, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. A ƙara wani abu saboda ranakun lumshi na watan Agusta, sai a tsaya a kan mai amfiya-sa'a 100, wato 100Ah. Batirin litiyum ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure a zuƙe mafi yawansa, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma a ra'ayina wanda ya sayar da shinkafarsa da daraja gara ya daure ya saye shi. Batirin mota kuwa an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya tada inji, in aka ɗora masa hidimar gida ba ya daɗewa.

Sa'an nan a shiga Kano, a nufi shagunan kayan wuta na Sabon Gari ko makamantansu, kuma mustahabbi ne a isa tsakanin walaha da azahar tare da mai aikin wuta amintacce da ke riƙe da mitarsa ta awo. Algus ya yi yawa a wannan fanni, mafi shaharar nau'insa kuwa shi ne a liƙa wa ƙaramin faranti takardar babba. Ma'auninsa mai sauƙi ne: murabba'in mita guda na faranti ba ya ba da abin da ya wuce wat 200 da 'yar ɗoriya, saboda haka farantin da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, aka rubuta masa 500, ƙarya ce tsagwaronta. A juya bayansa a karanta lambobin da ke gaban Voc, wato bolt, da Isc, wato amfiya, a fito da shi tsakiyar rana, a ɗora mita. Farantin da aka yi don batir mai bolt 12 zai nuna wajen bolt 21 ko 22, mai wat 150 kuma zai kusanci amfiya takwas ko tara in sama tana garau; in allura ta tsaya a huɗu, sai a ce wa mai shago, “Alhaji, Allah ya ba da kasuwa,” a yi gaba. A duba gilashi ko da tsaga, a duba akwatin da ke baya ko an taɓa ɓalle shi. Batirin dalma kuma a ɗaga shi da hannu, domin mai 100Ah na gaskiya yana kusantar kilo 30, wanda ya yi sakayau an rage masa dalma. Tun da malaman fiƙihu sun halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi, kada a ji nauyin neman a rubuta a rasit cewa za a mayar da kaya in aibi ya bayyana.

Kwantirola iri biyu ce. Mai suna PWM tana da araha, ta kuma wadatar ga faranti irin wanda muka ambata, mai amfiya 20 ma za ta ɗauki faranti na biyu in hali ya samu. Amma wanda ya sayi babban faranti mai nuna bolt 40 ko kusa da haka, alhali batirinsa na bolt 12 ne, wajibi ne ya nemi ɗayar, mai suna MPPT, in ba haka ba fiye da rabin ƙarfin da ya biya kuɗinsa zai tafi a banza. Waya kuma a sayi mai kauri ta jan ƙarfe, a kankare bakinta da wuƙa, in cikinta ya yi fari to sanholo ne aka shafa wa launi.

Wajen kafawa, a fuskantar da faranti kudu, wato hannun daman mai kallon gabas, a ɗan kishingiɗar da shi kamar digiri 12 zuwa 15, gwargwadon nisan ƙasarmu daga tsakiyar duniya, don ruwan sama ya riƙa gangarewa da datti. Kada a manna shi a jikin kwano, a bar tazarar tafin hannu ko fiye don iska ta ratsa, domin a digiri 25 na zafi aka auna ƙarfinsa, kuma kowane ƙarin digiri goma yana rage masa wajen kashi huɗu cikin ɗari, ga shi kuwa kwanon ɗaki a bazara ba ya taɓuwa. A tsaya a lura da inuwa daga hantsi zuwa la'asar, domin ƙwayoyin faranti a jere suke, inuwar reshen darbejiya ɗaya da ta rufe kusurwa tana iya karya ƙarfin sauran. A ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi masu noti saboda guguwar farkon damina, da kuma masu ɗan hali, musamman a bukkar gona.

Tartibin haɗawa ba a saɓa masa: batir ake fara haɗawa da kwantirola, don ta gane ƙarfinsa, sa'an nan faranti, sa'an nan fitilu, ran da za a kwance kuwa, faranti ake fara cirewa. Jar waya ga alamar tarawa, baƙa ga alamar ɗebewa, a kuma sa fis kusa da kan batir, domin wayoyi biyu da suka haɗu a ɗakin da ke cike da buhunan shinkafa gobara ce. Batir a ajiye shi bisa katako a wuri mai sanyi da iska, nesa da murhu da yara, saboda na ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da alkama ke fili hazo kuma ya turnuƙe, a riƙa goge faranti kowane kwana biyu ko uku da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da sassafe tun gilashi bai ɗau zafi ba. Da asuba, bayan an kashe komai na ɗan lokaci, a leƙa allon kwantirola: batirin dalma da ya cika yana nuna wajen bolt 12.7, in ya sauka zuwa 12.1 an ci rabinsa, wanda kuma ke wayar gari ƙasa da 12 kullum, to ko a rage kaya ko a ƙara faranti. Kada a tsallake kwantirola a jona fanka kai tsaye a kan batir saboda kwantirolar ta yanke wuta, domin yankewar nan ita ce aikinta. Dutsen guga da hita da injin ban ruwa ba na wannan ƙaramin tsari ba ne. Famfon sola na rijiyar gona yana da nasa farantai da nasa hisabi dabam. Batirin ruwa a duba shi wata-wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba, ban da na kanal ko na rijiya, wanda gishirinsa ke kashe shi. In ya mutu a mayar wa dillalan da ke musanya tsoho da sabo, kada a fasa shi a tsakar gida don neman dalmar ciki, domin guba ce, kuma ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da ita a cikin gidaje.