Darasi: A Saurara Kafin A Ce "Yi Haƙuri"

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata kalma wadda da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu furta ta ba, wato "yi haƙuri".

Babu mai jayayya a kan darajar haƙuri a Musulunci. Abin da muke son mu duba shi ne lokacin da muke faɗin kalmar, da abin da ke sa mu faɗe ta. Mace ta yi yaji ta zo gidan mahaifinta, ba ta ko sauke yaron da ke bayanta ba an ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Magidanci ya dawo daga Libiya ko daga haƙar zinari a Jado hannu wofi, ga bashin kuɗin mota a wuyansa, da ya buɗe baki a majalisa sai a tare shi da cewa kowa da rabonsa. Manomin da tudun rairayi ya cinye masa kwari, da dabinonsa da wurin kanwarsa, haka nan ƴan'uwanmu da tashin hankalin jihar Difa ya raba da gidajensu tun daga 2015, duk amsar guda ce. Maganar gaskiya ce, amma sau da yawa muna faɗin ta ne domin mu huta da nauyin sauraro. Mai damuwa kuwa yana gane haka, sai ya haɗiye sauran maganarsa ya tashi.

To, ina maganar da aka haɗiye take zuwa? Masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa a ƙasashe irin namu baƙin ciki yakan bayyana a jiki. Mutum zai je gidan likita da ciwon kai, ko zafin ƙirji, ko rashin barci, a auna shi ba a ga zazzaɓi ba, ya koma gida da ƙwayoyi alhali abin da ke cin sa yana nan. A cikin gida kuma takan fito da wata kama: gaba tsakanin kishiyoyi, dukan yara a kan laifin da bai kai ya kawo ba, da sakin da ake yi dare ɗaya a kan gishirin miya, wanda asalinsa maganar shekara biyar ce da ba a taɓa bari aka faɗa ba.

Mu koma ga Littafin Allah. Sura ta 58, Suratul Mujadala, ta sauka ne a kan Khaulatu ƴar Sa'alaba, Allah Ya yarda da ita, wadda mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari bayan ta tsufa a gidansa. Ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) tana maimaita kukanta, tana ambaton ƙuruciyarta da ta ƙare da ƴaƴanta ƙanana. Uwar Muminai A'isha tana cikin ɗakin, ta ce wani sashe na maganar ma bai kai kunnenta ba. Sai Allah Ya buɗe surar da bayyana cewa Ya ji maganar matar nan, sa'an nan hukuncin kaffara ya biyo baya. Ku lura da jerin: an fara da ji, aka zo ga hukunci. Haka kuma a Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu (A.S.), wanda ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, shi ne ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma a aya ta 86 ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Alƙur'ani bai ɗauki wannan a matsayin warware haƙurinsa ba.

Wani zai ce: ai Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umurci matar da ya tarar tana kuka a bakin kabari da ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Amma mu karanta shi har ƙarshe. Matar ba ta gane shi ba, ta mayar masa da magana mai kaushi, cewa abin da ya same ta bai same shi ba. Bai tsaya musu da ita ba, bai tsawata mata ba, bai kuma tara mata mutane ba. Ya wuce abinsa. Sai da hankalinta ya dawo ta zo ƙofarsa da ƙafarta, a nan ne ya karantar da ita cewa haƙuri na gaske yana a bugun farko na musiba. Da a wasu majalisunmu ne, da an yi mata wa'azin sa'a guda a bakin kabarin nan.

Malaman Musulunci na farko sun yi rubutu a kan wannan fanni. Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, sashe ɗaya a kan lafiyar jiki, ɗaya sashen a kan lafiyar rai, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya nuna cewa rai yana bukatar magani ta hanya biyu: tunani mai kyau da mutum zai tanada tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, da kuma wani amintacce daga waje da zai zauna da shi. Dalilinsa shi ne, wanda damuwa ta rufe ba ya iya ganin hanya da kansa, kuma mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani. Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya fassara wannan sashe zuwa Turanci a 2013, ya nuna yadda ya yi daidai da abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano bayan shekara dubu.

Daga cikin masanan nan akwai Carl Rogers na Amurka, wanda ya rubuta a 1957 cewa abin da ke kawo sauyi ga mai damuwa shi ne ya sami wanda ya fahimci halinsa kamar yana ciki, bai raina shi ba, kuma bai yi masa fuska biyu ba. Misali mafi kusa da mu yana Zimbabuwe. A birnin Harare, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, su taimake su su zaɓi matsala guda su nemi mafitarta. A binciken da aka buga a 2016 a kan mutum 573, bayan wata 6 kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon baƙin ciki, alhali a ɗaya rukunin kusan kashi 50 ne. Ba allura, ba na'ura. Tsofaffin mata kuwa ba mu rasa su ba a Gure da ƙauyukan Muniyo, haka nan malamai mata na makarantun Islamiyya.

Saboda haka muna kira ga limamai da iyaye da duk wanda ake kai wa ƙara, musamman masu sulhu biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko daga dangin miji da dangin mata. A ji kowanne shi kaɗai tukuna, domin kunya ba ta barin ɗiya ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta a gaban baffanninta, sau da yawa sai an haɗa ta da gwaggo ko inna. A bar mai magana ya kai aya. Ibn Hisham ya kawo yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya saurari Utbatu ɗan Rabi'a, jakadan Ƙuraishawa, har ya gama, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi ko ya ƙare, sa'an nan ya amsa. Wannan fa mushiriki ne da ya zo da tayin a bar da'awa, ina ga ƴarka ta cikinka? Bayan an ji, a maimaita wa mutum abin da aka fahimta, a ce: "Wato abin da ya fi yi miki ciwo shi ne ya faɗa a gaban kishiyarki?" Idan an yi kuskure za ta gyara, idan an dace za ka ga numfashinta ya sauka. A lokacin ne nasiha da ayoyin haƙuri ke samun wurin zama. Abin da aka ji kuma amana ne. Ba ƙaramar ɓarna ba ce a wayi gari sirrin gidan mutum yana yawo a fada ko a WhatsApp, domin daga ranar ba wanda zai sake buɗe cikinsa a unguwar.

Akwai abu biyu da sauraro kaɗai bai isar musu ba. Na farko cutarwa: idan duka ne ko hana abinci, mazhabarmu ta Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cuta idan ta tabbata, kuma wanda ya mayar da mace ga mai dukanta da sunan haƙuri yana da kaso cikin alhakin. Na biyu rashin lafiya. Al-Balkhi da kansa ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗa wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da asali a jiki kuma yana bukatar magani. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ya daina sha'awar komai, ko mai jego da ta juya wa jaririnta baya, ko wanda ya fara cewa mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a ɗaure shi. A yi masa addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma kai shi wurin majo a gidan likita mafi kusa, shi zai san ko za a tura shi babban asibitin Damagaram.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu ɗauko babin fushi daga Ihya'u Ulumid Din na Imam al-Gazali.