Wawa A Wasan Kwaikwayo: Wa Ake Yi Wa Dariya?

Duk shekara idan muka zo rabon matsayi a ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba a rigima a kan wanda zai fito sarki ko alƙali. Rigimar a kan wawa take, domin kowa ya san shi ne zai kwashe tafi. Amma kaɗan ne daga cikin ɗalibanmu suka san cewa wannan matsayi yana da dogon tarihi, yana kuma da ƙa'ida.

Mu fara da gida. Kafin mu san dandamali mun san Gizo, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da haɗama. Ba shi da ƙarfi, amma da wayo yake kayar da Zaki da Kura da Giwa. Ku lura da waɗanda yake kayarwa, dukansu manyan dawa ne.

A fadar sarakunan ƙasar Hausa kuwa akwai wawan sarki. An yarda masa ya faɗi maganar da in wani bafade ya faɗa, rawaninsa ne zai faɗi. Sarki zai yi dariya tare da jama'a, amma saƙon ya riga ya shiga kunne. Ba mu kaɗai muke da shi ba. A wasan King Lear, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1606, wawan ne yake ta nanata wa tsohon sarki cewa ya yi wauta da ya raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata biyu masu daɗin baki. Sarkin ya kori bafaden da ya gargaɗe shi a fili, amma wawan ya ci gaba da zama a gefensa.

Sai 'yan kama, waɗanda ni a ganina su ne gwanayen wannan fage. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar wani babban makaɗi ya bar karinta yadda yake, sai ya cire yabon sarki ya cusa yabon tuwo da miya. Yakan kwaikwayi muryar malami mai karatu, alhali lissafin abinci yake yi. Aikin yana bukatar kunne mai kyau, domin idan bai kama muryar daidai ba, babu mai dariya. A Kano kuma, cikin watan azumi, Nalako yakan jagoranci tashen gwauraye, ana tsokanar mazan da suka zauna babu mata.

Da rediyo da talabijin suka zo, wawan ya bi su. Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, ya fito da Samanja Mazan Fama a Kaduna, yana surka Hausa da Turanci irin na bariki. Sojan da ake tsoro a titi shi ne ya zama abin dariya a falo, a zamanin da sojoji ke mulki. Ya rasu a 2023. Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, ya yi aikin gidan yari kafin ya mamaye finafinan Hausa, kuma a 2008 wata kotu a Kano ta ɗaure shi a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disamba 2014. A Amurka ma Charlie Chaplin ya mai da Hitler abin dariya a fim ɗinsa na 1940, lokacin da mutumin yake tsakiyar ƙarfinsa.

To, ga abin da ya dame ni. A wani wasanmu, yaron da ya fito wawa ya kwaikwayi mai i'ina, sannan ya koma kwaikwayon Hausar mutanen wani ƙauye. Ɗaki ya ɗauka da dariya, ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Sai da aka kunna fitila na ga wata yarinya 'yar aji ɗaya a layin baya ta sunkuyar da kai. Daga yankin take, kuma haka mahaifinta yake magana. Makarantarmu ta tara yara daga Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye, masu harsuna dabam dabam, waɗansu ma a nan suka gyara Hausarsu.

Saboda haka bana mun canza rubutun. Wawan zai fito ɗan aiken wani ɗan kwangila da ya karɓi kuɗin rijiya bai haƙa ba, kuma duk ƙaryar da maigidan ya shirya, shi ne zai tona ta a gaban dagaci, wai bisa kuskure. Har yanzu muna neman wanda zai fito ɗan kwangilar.