Kula da Tabon Tiyatar Rage Tumbi

Tiyatar rage tumbi aiki ne da likita ke yanke fatar ciki da ta saki, galibi bayan haihuwa ko bayan raguwar ƙiba, ya ɗaure naman cikin, sannan ya ɗinke. Yankan yakan bi ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, da wani ƙarami kewaye da cibiya. To, a sani tun farko: wannan tabo ba ya ɓacewa. Dusashewa yake yi, kuma yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta.

Babban abin da ke ɓata tabo shi ne jan fata. Shi ya sa ake cewa a riƙa tafiya a ɗan sunkuye a makon farko, a saka ɗamarar da likita ya bayar, a kuma bar ɗaukar kaya mai nauyi har kimanin mako 6. Daka da jan ruwa a rijiya da goyo duk suna ciki. Wadda ta ce ai ta ji sauƙi ta koma aiki tun ɗinki bai kama ba, sai bakin mikin ya buɗe, tabo ya yi faɗi. Taba sigari da shisha suna matse hanyoyin jini, miki ya ƙi warkewa. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba ma haka.

Idan miki ya rufe sarai, ana liƙa filastar silikon, ko a shafa mansa, aƙalla awa 12 kullum har wata 2 ko 3. Ana tausa wurin a hankali, a kare shi daga rana don kada ya yi baƙi. Man kaɗanya yana tausasa fata, amma kada ya taɓa ɗanyen miki. Man bilicin kuwa a nisance shi, domin da yawansa siranta fata suke yi.

Mu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, wanda ke zarce iyakar yankan, wato kiloyid. Duk wadda hujin kunne ya taɓa yi mata haka, ta gaya wa likita tun kafin aiki. Ana yi wa irinsa allura a cikin tabon, wajen sau ɗaya a wata. Yanke shi kawai ba ya isa, yakan dawo.

Da an ga mugunya, ko kumburi mai zafi, ko zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.