Ranar Da Kake Gani Ta Minti Takwas Da Suka Wuce Ce

Duk wanda ya ratsa ajin fiziks ya haddace wannan lambar: haske na gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Mukan rubuta ta a jarrabawa, mu karɓi makinmu, mu wuce. Amma in ka tare mutum a bakin hostel ka ce ya gaya maka abin da lambar take nufi, sai ya fara sosa ƙeya. To bari mu zauna da ita yau.

Kewayen duniyar nan kusan kilomita 40,000 ne. Kenan kafin ka ƙifta ido ka buɗe, haske ya isa ya zagaye ta, kuma a sakan ɗaya cikakke zai yi zagaye bakwai da rabi. Shi ya sa a nan ƙasa ba ma jin yana ɗaukar lokaci. Sauti ne muke kamawa da latti. Da damina za ka ga walƙiya, sai daga baya tsawa ta iso, domin sauti mita 340 kacal yake ci a sakan. Ƙirga sakan nawa ne tsakaninsu ka raba da uku, ka samu nisan wurin a kilomita.

Sai an fita sararin samaniya ake gane cewa shi ma haske matafiyi ne. Daga wata zuwa nan kilomita 384,000 ne, tafiyar sakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Rana kuwa tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150. Ɗauko kalkuleta: 150,000,000 a raba da 300,000, ya ba ka sakan 500, wato minti 8 da sakan 20. In mota ce mai gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, ba shingen bincike, sai ta shekara 171 a hanya. Saboda haka ranar da ta dake ka a hanyar lakca, hasken da ya baro ta tun kana ɗaura igiyar takalmi ne.

An daɗe ana zaton haske ba ya ɗaukar lokaci ko kaɗan. A 1676 wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Romer, yana aiki a birnin Paris, ya lura da wani abu game da Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita. Io kan shiga inuwar Jupita a kan ƙa'ida, amma idan duniyarmu ta yi nesa da Jupita sai abin ya riƙa makara, in ta matso kuma ya zo da wuri. Romer ya ce ai ba Io ne ke makara ba, hasken ne hanyarsa ta ƙara tsawo. Lissafinsa bai fita daidai ba, amma hujjar ta zauna har yau.

'Yan sashen lantarki da sadarwa, wannan naku ne, domin siginar rediyo da gudun haske take tafiya. Tauraron ɗan Adam irin NigComSat-1R yana sama da mu da kusan kilomita 36,000, hawa da sauka kusan rubu'in sakan. Masu tuƙa na'ura a duniyar Mas kuwa sai sun jira tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin umarninsu ya isa. Ba a yi wa irin wannan na'ura "taka birki!" Dole a gina ta yadda za ta yanke wa kanta hukunci.

Taurari kuma sun fi ƙarfin kilomita, sai dai a auna da shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. A kula, ma'aunin nisa ne ba na lokaci ba, nan ne ake yawan zubar da maki. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, yana shekarar haske 4.2. Kaza da 'ya'yanta da kakanninmu ke nuna mana a tsakar gida suna wajen 440. Hasken da za ka gani daren yau ya kamo hanya tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da fiye da shekara 150.

Yanzu ga tambayar da takan tayar da musu a ɗaki: in rana ta ɓace yanzun nan fa? A ilimin fiziks ba ta da hanyar ɓacewa haka kawai, shekarunta wajen biliyan 4.6, kuma masana na lissafin tana da sauran makamashin kusan biliyan 5. Wasa ƙwaƙwalwa ne, amma mai koyarwa.

Minti takwas na farko ba abin da zai canza. Mai shayi na ta fifita wuta, masu sola na caji. Wani zai ce ai za mu ji a jikinmu tunda rana ce ke riƙe da duniya a kan falakinta. A'a. Nazariyyar Einstein ta 1915 ta nuna cewa shi ma ƙarfin janyowa da gudun haske labarinsa ke tafiya, kuma awon da aka yi a 2017 kan karon wasu taurari biyu ya gaskata haka. Duhu da sakin linzami tare za su iso. Daga nan duniya ta miƙe sambal da gudunta na kilomita 30 a sakan, kamar dutsen da ya kuɓuce daga majajjawa. Wata ma zai mutu, don hasken aro yake yi.

Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 a Gusau, Katsina ko Maraɗi sun ɗanɗana kaɗan: gari ya yi duhu da hantsi, iska ta yi sanyi. Wannan na 'yan mintoci ne. In abin ya zarce, sanyin zai ƙaru kullum har hunturu ya zama abin wasa, saman teku ya daskare. Amma yunwa ce babbar magana. Ganye da hasken rana yake haɗa abinci, kuma gero, dawa, shinkafa, ciyawar da saniya ta ci ta ba da nono, duk daga nan suke. Gawayi da itace rana ce aka adana. Fetur da gas ma haka, ragowar halittun da suka sha rana ne shekaru miliyoyi da suka shuɗe. Mai cewa zai tayar da janareta, rana zai ƙona, tsohuwa.

Sai dai ba komai ne zai mutu ba. A 1977 masu bincike suka nutsa da ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin kusa da tsibiran Galapagos, zurfin kusan mita 2,500, inda haske bai taɓa kaiwa ba. Suka tarar da ruwan zafi na ɓulɓulowa daga ƙasa, kewaye da shi ga manyan tsutsotsi da kaguwa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke haɗa musu abinci daga sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ni dai ba na yarda da masu cewa waɗannan ba ruwansu da rana sam, domin yawancinsu na amfani da iskar oksijin da tsirrai suka samar a sama. Waɗanda za su fi daɗewa su ne ƙananan halittun cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ba sa buƙatar oksijin, suna dogaro da zafin cikin duniya.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba: duniyar Neptun tana nesa da rana da kusan kilomita biliyan 4.5. Awa nawa za ta ƙara tana ganin rana bayan mu mun shiga duhu? Kada ka manta ka cire namu minti takwas ɗin.