DARASIN LAFIYA: Antibayotik da Gonar da ke Cikin Hanjinmu

Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

'Yan uwa magidanta, darasin yau a kan kafso ne, irin su Ampiclox, Amoxil, Flagyl, Septrin, Cipro da tetracycline, wato kafson nan mai ja da rawaya. Su ake kira antibayotik. Ni'ima ce daga Allah. Tun da Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928, sun ceci rayuka masu yawa. Amma shan su barkatai yana da illa.

Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙananan halittu da ake kira bakteriya a hanjin kowane mutum, adadinsu tiriliyoyi. Yawancinsu masu amfani ne. Suna taya mu narkar da dusar hatsi da ganye, suna samar da bitamin K da wasu daga cikin bitamin B, kuma suna tare guri su hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa.

Ku ɗauki hanji kamar gona. Antibayotik kuwa kamar feshin maganin ciyawa ne mai ƙarfi, wanda ba ya bambance ciyawa da shuka. Idan aka sha, yana kashe mai cutar, ya haɗa da masu amfani. Gurin da suka bari sai miyagu su mamaye. Shi ya sa bayan shan kafso za ka ga gudawa, kumburin ciki, farin baki ga yara, ko ƙaiƙayin gaba ga mata. Akwai ma wata ƙwaya, C. difficile, da kan samu dama ta haddasa gudawa mai tsanani, musamman ga tsofaffi. Gonar takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta farfaɗo, wasu nau'o'in ma ba sa dawowa har bayan wata shida.

To ina matsalar take a wajenmu? Daga Turawa zuwa kasuwannin Karaye da Rogo, mutum zai sayi kafso biyu ko uku a kemis ko wajen mai talla, ba gwaji ba likita. Mura, kafso. Zazzaɓi, a ce taifot ne, kafso. Yaro na haƙori, a fasa kafso a ba shi. Alhali mura bairos ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa ta, haka maleriya maganinta daban. An ƙona gona a banza, kuma ƙwayoyin da suka tsira sun saba da maganin. Ranar da cuta ta gaske ta zo, sai a sha ya ƙi ci.

Abin da ya kamata:

1. Kada a sha sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta. Idan ya rubuta, a sha yadda ya ce, kada a rage, kada a ajiye saura don wani.
2. A ci abincin da ke raya gonar: wake, gero, dawa, zogale, rama, kuka, albasa.
3. A sha kindirmo ko nono mai tsabta, yana ɗauke da bakteriya masu amfani. Amma mai shan tetracycline ko Cipro ya ba da tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsa da nono, domin nono yana rage ƙarfinsu.
4. Gudawar yara, a fara da ruwan gishiri da sukari da zinc, ba Flagyl ba.
5. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a shayar da mai gudawa zuma. A yi amfani da ita, amma ban da jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Idan aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya ƙi shan nono, idonsa ya faɗa, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maigida, kai ne mai kiwon iyalinka, kuma za a tambaye ka. Yau ka duba ledar magungunan da ke ɗaki, ka zauna da uwargida ku yi magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.

Wassalamu alaikum.