Darasin Ramukan Kuza

Masu iya magana sun ce, tun ran gini ran zane. To, haka sha'anin haƙar ma'adini yake: ran da aka fara haƙa, ran nan ya kamata a shirya rufewa.

Mu dubi ƙasar Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙar kuza wajen Bukuru da Barikin Ladi. Suka binne ƙasar sama, watau wadda ke ciyad da shuka, ƙarƙashin tulin ƙasar rami. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a gyara, aka baje waɗansu wurare, aka dasa itacen turare. Itacen ya kama, amma ƙasar ba ta koma gonar kirki ba. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, aka bar wa talakawa ramuka cike da ruwa. Ana noman rani a bakin waɗansu, waɗansu kuwa sun sha cin mutane da dabbobi.

Saboda haka mu koya wa almajiranmu abu uku: a tara ƙasar sama waje guda, a ajiye kuɗin gyara tun ana cin riba, a kuma shawarci masu gonaki, gama su za su zauna bayan kamfani ya tashi.